Arziki daga Abzin, walima a Yamai

Kwanakin baya wani kamfani, wanda ba zan ambaci sunansa ba don kada a ce gaba nake yi da wani, ya gayyace mu ƴan jarida zuwa wani babban otel na Yamai domin mu shaida abin da takardar gayyata ta kira "ranakun haɗin kan ma'aikata". Duk abin da kamfanin nan yake samu, daga jihar Agadas yake fitowa. Motocinsa a kan hanyar Arlit suke tsufa, leburorinsa ƙurar Abzin suke shaƙa safe da yamma. Amma da lokacin haɗa kai ya yi, sai aka tsallake kilomita fiye da 900, aka zo bakin kogin Isa aka kama ɗakuna na kwana uku.

Ga abin da idona ya gani. Manyan mutane, wasunsu da furfura, wasunsu da digirin injiniya, an sa musu riguna da huluna iri ɗaya masu tambarin kamfani, an raba su rukuni-rukuni. Kowane rukuni aka ba shi ƙunshin ɗanyar taliya da zare da alewa, aka ce su yi gasar gina hasumiya. Wani gwani da aka ɗauko a jirgin sama daga ƙasar waje yana zagayawa da makirufo, yana bayyana musu cewa ta haka ake koyon aiki tare. Hasumiyar da ta ci gasa ba ta kai ƙugun mutum ba, kuma kafin a gama tafi ta rushe. Ni kuwa sai hankalina ya koma gida, ga hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka tun wajen 1515, aka sake ɗaga ta a 1844, kuma har yau maginan gari ne suke hawa kan itatuwan da suka fito daga jikinta su yi mata yaɓe, wannan na miƙa wa wancan ƙasa. Mutanen da suka taso a inuwar wannan gini ne aka kawo Yamai a koya musu aiki tare da taliya.

Da na fito shan iska, sai na tarar da direbobin da suka kawo manya suna zaune a gindin bango, suna dafa shayi a kan ɗan murhu. Babu wanda ya ba su riga. Babu sunansu a takardar masu cin abinci. Su ne suka kwana biyu a hanya, su ne za su mayar da motoci, amma haɗin kan bai kai kansu ba.

Wannan al'ada ba tamu ba ce, kuma ko aron ma ba mu iya ba. A Turai da Amurka aka ƙirƙiro ta, saboda dalilin da ake iya fahimta: ma'aikata ɗaruruwa a cikin dogon bene guda a Paris ko Landan, kowa a ɗan akurkinsa, ba mai sanin sunan maƙwabcinsa. Sai kamfani ya fitar da su daga hayaniyar birni zuwa ƙauye ko bakin teku, su kwana tare, su ci tare, su san juna. Wato daga birni ake fita zuwa karkara. Mu da muka kwaikwaya sai muka juya abin: muna ɗaukar mutane daga inda aiki yake, inda kowa ya san kowa har kakansa, mu kai su babban birni, inda da an tashi zaman yamma kowa zai ɓace. Wannan ya tafi Babbar Kasuwa sayayyar uwargida, wancan ya tafi ma'aikatar ministan da takardarsa ta maƙale, na uku yana gidan surukai. Washegari a taru da jajayen idanu a ci gaba da haɗa kai.

Faransanci, harshen da aka koya mana a jami'a, yana da kalma guda mai fuska biyu: retret. Ita ce keɓewar da manya suke yi a otel don su yi tunani, ita ce kuma ritayar ma'aikaci. Mutanen Akokan sun san fuska ta biyu. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya rufe ramin yuraniyom ɗinsa bayan shekaru fiye da 40 yana haƙa, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da suke aiki ta hannun ƴan kwangila, waɗanda suka daɗe suna kukan cewa ba a sallame su kamar sauran ba. A ƙasar da aka yi wannan, duk shugaban da zai sa hannu a kan takardar kuɗin ɗakunan otel da sunan ƙaunar ma'aikata, ya kamata alƙalami ya yi masa nauyi. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Kwana guda a ɗakin irin otel ɗin da nake magana ya haura haka nesa ba kusa ba. Mai karatu ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ya iya lissafi: ya ninka da mutum ɗari, ya ninka da kwana uku, ya ɗora kuɗin jirgi da na abinci da na gwanin taliya, sannan ya gaya mini masu gadi nawa za a biya shekara guda da wannan kuɗi.

Ba kamfanoni kaɗai ba ne. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun fi su ƙwarewa. Taro kan makiyayan Abzin, a Yamai. Taro kan ruwan shan Agadas, a Yamai, da ruwan gora a kan kowane tebur. Taro kan baƙin haure masu ratsa Tenere, a ɗaki mai sanyi wanda mahalartansa da yawa ba su taɓa ganin Dirku ba. Lokacin taron ƙoli na Tarayyar Afirka a Yulin 2019 an gina wa Yamai manyan otel-otel irin su Radisson Blu da Bravia, aka kuma ƙara mata zauren taro na Mahatma Gandhi. Baƙi sun watse, ɗakuna sun rage, dole a cika su. Da kuɗin wa? Da kuɗin ayyukan da aka rubuta sunan jihohi a kansu.

A nan zan yi wa ƙaramin ma'aikacin gwamnati adalci. Wanda ya rayu a shekarun 1990, lokacin da ake bin gwamnati albashin watanni, aka kuma karya darajar kuɗin Sefa da rabi a Janairun 1994, ya san yadda kuɗin zaman taro ya zama albashi na biyu. Mutum ya shiga taron bita ba don ya koyi kome ba, sai don ambulan ɗin ranar ƙarshe ya sayi buhun hatsi. Ban ga laifinsa ba, yunwa ba ta san kunya ba. Laifin yana kan wanda ya mayar da wannan larura sana'a: mai tsara jerin sunaye, wanda yake sa na kusa da shi ya cire mai faɗin gaskiya; mai zaɓen otel, wanda ya san abin da zai dawo masa ta ƙarƙashin tebur; mai ba da kwangilar riguna da jakunkuna ga shagon ƙanin matarsa. Abin da ake kira haɗin kai, a ofisoshi da yawa shi ne babban abin da yake raba kan ma'aikata, domin tun daga ranar da aka liƙa sunayen masu tafiya, waɗanda aka bari ba su ƙara gaida waɗanda aka ɗauka da zuciya ɗaya.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. Za a ce tsaro. Ba zan yi ƙarya in ce babu matsala ba. A Satumban 2010 an sace mutum bakwai, galibinsu ma'aikatan Areva da Satom, a Arlit. Ranar 23 ga Mayu 2013 an kai hari barikin soja na Agadas da ma'aikatar Somair a rana guda. A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Duk wannan gaskiya ne. To amma a Janairun 2011 daga wani gidan abinci a tsakiyar Yamai aka ɗauke Faransawa biyu, ban kuwa ji an daina taro a Yamai ba. Sannan ina tambaya: garin da ya yi wa darekta hatsarin kwana uku, yaya aka yi ya dace da leburansa da matarsa da ƴaƴansa kwana 365? In ran ma'aikaci yana iya zama a wurin, na shugaba ma yana iyawa. In kuwa akwai baƙo ɗaya ko biyu da ofishin jakadancinsu ya hana su tafiya arewa, to su zauna, a yi taron ba su. Ba a kwashe gari a kai wa baƙo.

Za a ce kuma Agadas ba ta da masauki. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi, domin mai faɗinta ko bai san garin ba, ko yana so mu manta. Garin da ya sauki ayarin tseren motoci na Paris zuwa Dakar a shekarun 1980, da ɗaruruwan motoci da jirage da ƴan jarida? Garin da jirage suke sauke masu yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa kafin tawayen 2007 ya tsayar da harkar? Garin da ya karɓi bikin 18 ga Disamba na 2016, Agadas Sokni, da shugaban ƙasa da ministoci da baƙi daga jihohi takwas? Akwai filin jirgin sama na Mano Dayak, akwai jami'a tun 2014, akwai otel-otel da masaukai waɗanda masu su suke zaune suna korar ƙuda. Tsohon garin kansa UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Abin da Agadas ba ta da shi ba gado ba ne. Ba ta da shagunan da manya suke son zagayawa, kuma hanyarta tana karya baya. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka yi don yuraniyom, ta shekara da shekaru tana cin tayoyi da rayuka. Da a ce sau ɗaya a shekara ana tilasta wa manyan darektoci su bi ta da mota, da tuni an sami kuɗin gyaranta.

Ku kuma ƴan kasuwar Agadas, da ku nake. Ku kuka fi kowa asara, ku kuka fi kowa shiru. Masu yawon buɗe ido sun ƙaurace. Dokar 2015 kan safarar baƙin haure ta tsayar da motoci da gidajen saukar baƙi har zuwa soke ta a Nuwamban 2023. Sojojin Amurka sun bar sansaninsu a Agustan 2024, waɗanda suke yi musu aiki da masu kai musu kaya suka koma gida. Maƙerin azurfa yana da giciyen Agadas cike da akwati babu mai taya. Taron mutum ɗari na kwana uku, in an yi shi a nan, mahauci zai yanka raguna, manomin Timiya da na Dabaga za su sayar da lemu da albasa da tumatir, mai kat-kat zai yi lodi, tela zai ɗinka rigunan, baduku zai yi jakunkunan da fatar gida maimakon robar da ake shigowa da ita daga Dubai. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin da ake haƙa a ƙasarsu kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai, kuma kowa ya san yadda magadan gari suka yi ta bin wannan haƙƙi kamar masu bara. To ga wani kuɗi da ba ya bukatar doka, ba ya bukatar ya bi ta baitulmali: sa hannun darekta guda ya isa ya sauke shi a kasuwar gari.

Ko an kawo taron Agadas ma, magana ba ta ƙare ba, muddin direba yana waje yana dafa shayi. Kakanninmu da suke kai ayarin gishiri Fashi da Bilma ba su ɗauko gwani daga waje ba. Madugu yana tafiya a rairayin da kowa yake takawa, yana sha daga salkar da kowa yake sha, kuma in ya ɓatar da hanya shi ma ƙishirwa za ta kashe. Saboda haka ake yi masa biyayya. Shugaban da yake son ma'aikata su haɗa kai da shi, ya sauka cikin rami da su wuni guda, ya ci abincin kantinsu, ya zauna ya saurari wakilan ƙungiyar ƙwadago ba tare da ya duba agogo ba, ya biya kuɗin ƙarin lokaci da ake bin sa. Wannan ba ya cin ko dala.

Shekaru da dama muna ɗora kome a kan Faransawa, kuma sau da yawa da hujja. A Yunin 2024 an karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano, a Yunin 2025 gwamnati ta mayar da Somair mallakar ƙasa. Yanzu ƴan ƙasa ne a kan kujeru da yawa, a kamfanonin ma'adinai da bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati. In an ci gaba da kwasar ma'aikata zuwa Yamai ana gina hasumiyar taliya, babu Bature da za a nuna wa yatsa.

Ina kira ga reshen Agadas na majalisar ƴan kasuwa da ya tattara masu otel da masu abinci da masu motoci, su rubuta adadin ɗakuna da zaure da farashi a takarda guda, su aika wa kowane kamfani da kowace ƙungiya da take aiki a jihar, su kuma aiko mana kwafe mu buga. Wakilan ma'aikata kuma, duk lokacin da aka liƙa sanarwar irin wannan tafiya, su nemi a nuna musu takardar kuɗin tun kafin a hau mota, su tambayi dalilin da ya sa babu sunan direba da mai gadi da mai shara. Kamfanin da ya gayyace mu kuwa, na rubuta masa ina tambayar nawa aka kashe a kwana ukun nan. Mako uku ke nan, amsa ba ta zo ba. Ranar da ta zo, a wannan shafi za ku karanta ta.