Lambar zurfin da ke kan na'urar neman zinare kintace ce kawai

1/ Na je gida Minjibir hutu, na tarar ɗan baffana na shirin sayar da shanun huɗarsa ya sayi na'urar neman zinare. Wai dillali ya ce masa tana gani har mita 5 a ƙarƙashin ƙasa. Wallahi raina ya ɓaci.

2/ Tun 2014 da zinare ya fashe a Jado, arewacin Nijar, samarinmu ke mafarkin na'urar nan. Ban ga laifinsu ba. Amma a san abin da ake saya.

3/ Na'urar ba ta auna zurfi. Ƙarfin sigina take ji, sai ta ɗauka abin da ke ƙasan girman kwabo ne, ta ba ka lamba. Shi ya sa tsohuwar garma da ta nutse kamu biyu za ta iya yi maka kuka irin na marfin lemo da ke sama-sama. Lamba ɗaya, rami daban.

4/ Kuma siginar saurin mutuwa gare ta. Ƙaramin abu in ya riga ya yi nisa da faifan na'urar, ka ninka nisan sau biyu, sigina na raguwa wajen sau 64. Faifai mai faɗin santimita 28 kwabo yake ji a santimita 20 zuwa 30. Jar ƙasa mai marmara ma rage wannan take yi. Ƙwayar zinare kamar gero fa? To ina mita 5?

5/ Dabarar masu aikin: ka ji ƙara, ɗaga faifan sama a hankali kana lilo da shi. Ta ɗauke nan da nan, ƙaramin abu ne. Ka ɗaga taƙi biyu tana nan, babban ƙarfe ne, komai allon ya rubuta.

6/ Ga jabun Minelab GPX a kasuwa, wannan zancen wata rana ne.

7/ Na ce masa: Yaya, kada ka ba da ko sisi. Kai dillalin gonarka ta hanyar Wasai, ka binne kwabo kamu ɗaya ba tare da ya ga wurin ba, ka ce ya nemo. Kwana 4 ke nan yana kiran mutumin, wai yana hanya. Shanun dai suna turke.