Ra'ayinmu: Kashi na Biyu Ba Ya Gadon Yardar da Aka Yi wa Na Ɗaya

A wannan fitowa mun ga ya dace mu jingine maganar kuɗin makaranta da ta ɗakunan kwana tukuna, mu taɓo wata magana wadda da yawa za su ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa ta shafi ƙannenmu da 'ya'yanmu. Maganar ita ce ta fina-finan tatsuniya masu rawa da waƙa, musamman kashi na biyu da kan biyo bayan wanda ya yi farin jini. Duk ɗalibin da ya je hutu gida, ko ƙaramin ma'aikacin da ya kai ziyarar ƙarshen mako, ya san tambayar da iyaye kan yi masa, tun da shi ake gani mai ilmin zamani: "Wannan yara za su iya kallonsa?" Amsar da aka fi bayarwa kuwa ita ce, "Ai ci gaban wancan ne da suka gani, ba kome." Ra'ayin wannan mujalla shi ne, wannan amsa ba ta wadatar ba, sau da yawa ma kuskure ce. Tilas ne a auna kashi na biyu shi kaɗai, kamar ba a taɓa sanin wansa ba.

Kafin mu kawo dalilanmu, bari mu tuna yadda tatsuniya take. Tatsuniya tana da ƙofar shiga, tana da ƙofar fita, kuma idan mai bayarwa ta ce ƙurunƙus, to magana ta ƙare ke nan. Alal misali, a ɗauki tatsuniyar Daskin-da-Riɗi. Saurayi ne ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta san sunansa. 'Yan mata suka tarar da wata tsohuwa ta roƙe su su cuɗa mata baya, suka ƙi, sai wadda aka fi rainawa a cikinsu ta tsaya ta cuɗa. Tsohuwa ta faɗa mata sunan, ita ce kuma ta sami miji. A nan labari ya tsaya, yaro ya kwanta da darasi guda ɗaya wanda ba shi da ruɗani, watau ladabi ga na gaba yana da sakamako. Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara, aka buga tsakanin 1911 da 1913, ko littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya na 1971, zai ga wannan tsari yana maimaituwa: wahala, gwaji, sakayya, sai rufewa.

To, shi mai shirya kashi na biyu ba shi da abin yi sai ya sake buɗe ƙofar da aka rufe. An riga an ɗaura aure, an riga an hukunta mugu. Daga ina zai samo sabon rikici? Sai daga abin da ke biyo bayan biki: kishi da kishiya, uwar miji, shiga gidan boka, rigimar gado, neman sarauta, yaji da saki. Waɗannan duka al'amura ne na gaskiya, kuma babu laifi a yi fim a kansu. Amma al'amuran manya ne. Sunan fim bai sake ba, 'yan wasa ba su sake ba, kiɗan ma wataƙila shi ne dai, amma labarin ya tashi daga dandalin yara ya koma tsakar gidan ma'aurata. Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma ba a faɗi haka a banza ba.

Wannan ba baƙon abu ne a ƙasarmu ba. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, sana'ar fim ɗin Hausa take bunƙasa. Kafin shekarun 1990 su ƙare, kamfanin Sarauniya ya mai da tatsuniyar Daskin-da-Riɗi fim, sa'an nan a 1999 ya fitar da Sangaya, labarin yarima da wata yarinya mai hidima a gidan sarauta, inda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito. Farin jinin waƙar Sangaya ya ƙara tabbatar wa masu sana'ar cewa labari mai kama da tatsuniya, idan aka yi masa ado da waƙa, kasuwarsa a buɗe take. Haka kuma al'ada ta zauna cewa fim ba ya ƙarewa a faifai ɗaya, sai a yanke shi daidai inda hankali ya tashi, a ce a tara a kashi na biyu. Yau kuwa an kai ga fina-finai masu dogon zango, waɗanda kan ɗauki shekaru ana nunawa mako-mako. Kasuwa tana da nata hukunci: wanda zai biya kuɗi karo na biyu yana son ya ga abin da ya fi na farko zafi. Saboda haka makirci yakan ƙaru, kuka yakan ƙaru, tsoro ma yakan ƙaru.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A 1939 aka yi fim ɗin The Wizard of Oz a Amurka, mai waƙe-waƙe da ban sha'awa, wanda yara suka taso da shi zuriya bayan zuriya. Da kamfanin Disney ya fitar da ci gabansa, Return to Oz, a 1985, sai ga yarinyar labarin an kai ta wurin likita za a jona mata lantarki a kai, ga kuma wata gimbiya mai ajiye kawunan mutane tana sauyawa kamar ɗankwali. Iyayen da suka kai yara bisa amanar fim na farko sun ga abin da ba su zata ba. A 2007 kamfanin ya yi Enchanted, labarin budurwar tatsuniya da ta sami masoyi. A ci gabansa na 2022, mai suna Disenchanted, ita wannan budurwa ce tsafi ya juye da ita ta fara zama muguwar matar uba ga 'yar mijinta. Daɗin daɗawa, matakin nan na 'yan shekara 13 da Amurka ta ƙara a tsarin tantance fina-finanta a 1984 ya samo asali ne daga koke-koken iyaye a kan wasu fina-finai, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne na biyu a jerin Indiana Jones.

Akwai kuma dalili na biyu, watau tazarar lokaci. Tsakanin Frozen na 2013 da Frozen II na 2019 shekara shida ce. Yarinyar da ta kalli na farko tana da shekara bakwai ta kai goma sha uku lokacin da na biyu ya fito, kuma masu shiryawa sun san haka, shi ya sa suka zurfafa maganar mutuwar iyaye da laifin kakanni. Amma a gidan Bahaushe ba a kallo ɗai-ɗai. Inda yaya ta zauna, nan ƙanwarta 'yar shekara biyar za ta raɓa, har da na goye. Abin da aka ɗinka daidai jikin babba, shi za a zura wa ƙarami.

Kada a fahimce mu da cewa muna neman fim ɗin da babu tsoro a cikinsa. Tatsuniyoyinmu cike suke da Dodo mai haɗiye mutane, da Kura, da makircin Gizo. Na Turawa ma haka suke, har 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, sai da suka yi ta gyara tarin da suka fara bugawa a 1812, suka mai da muguwar uwa matar uba a wasu labaran don kada abin ya yi wa yara nauyi. Tsoro a tatsuniya makaranta ne. Bambancin shi ne, da can kaka ce ke bayarwa, tana duban fuskokin jikokinta. Idan ta ga ƙarami ya ƙanƙame zanenta, sai ta sassauta murya, ta gajarta wurin Dodo, ta gaggauta zuwa inda aka kashe shi. Wayar hannu ba ta duban fuskar kowa.

Wanda ya san yankinmu ya san nauyin wannan magana. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi kanal ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, aikin gona ya daina tsayawa da ɗaukewar damina. Lokacin dashen shinkafa, ko ban-ruwan alkama, ko tsinkar tumatir, magidanci yakan fita da asuba, ba ya komowa sai almuru, mata kuma suna fama da turara shinkafa da shanya. A unguwannin Kumbotso irin su Panshekara da Zawaciki, aikin masana'antu da kasuwa ne ke riƙe iyaye har dare. A wannan tsakani, yara suna gidan kallo, ko sun kewaye wayar wani yayansu wadda aka cika da fina-finai a shagon masu turawa. Fim ɗin da aka tura a waya kuwa ba shi da kwali, balle a ga alamar shekaru a jikinsa. Manomin da ya san aikinsa ba ya buɗe ruwa ya bar fangali ya tafi don kawai jiya ruwan ya shiga lafiya. Kullum sai ya tsaya ya ga inda ya nufa.

Bisa ga haka, muna ba da shawarar tambayoyi huɗu ga duk wanda aka nemi ra'ayinsa. Ta farko, shin tsoron da ke cikin fim ɗin yana warwarewa kafin a tashi, ko kuwa an bar shi a rataye don a sayar da kashi na uku? Babba ya san dabarar kasuwa ce, amma yaro da ita zai kwana. Ta biyu, wa ya ci nasara, kuma ta wace hanya? Idan wadda ta je wurin boka ta shafe sa'a biyu tana cin duniya, aka hukunta ta a minti biyun ƙarshe, to sa'a biyun nan yaro zai riƙe. Ta uku, wace siffa aka ba matar uba da 'yan uba? A gidan da mata biyu ko uku ke zaune, yaron da aka nuna wa cewa kowace matar uba mai zuba guba ce zai dubi tuwon da aka miƙo masa da wani ido dabam. Ta huɗu, wadda muke ganin ta fi duka, ita ce waƙa. Labari yakan shuɗe, amma waƙa takan zauna a baki. Sai mai aunawa ya raba kalmomin da kiɗan, ya faɗe su da bakinsa kamar zance, ya tambayi kansa ko zai so ya ji su daga bakin ƙanwarsa a gaban mahaifinsu.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Gaskiya ne akwai hukumar tace fina-finai ta tarayya tun 1993, wadda ke sa alamomi irin su G da PG da 12 da 15 da 18. Jihar Kano ma ta kafa tata a 2001, kuma a watan Mayu na 2025 ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su. Ko me mutum zai ce game da wannan mataki, ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa daidai take da tamu: yardar jiya ba ta isar wa fitowar yau. Sai dai tace fim daga batsa abu ne dabam, sanin shekarun da ya dace da su kuma abu ne dabam. Fim yana iya zama babu tsiraici ko ashar a cikinsa, amma ya fi ƙarfin zuciyar ɗan shekara shida. Bugu da ƙari, haruffan G da PG ba su gaya wa uwar da ke Bunkure kome ba. Muna kira ga hukumomin biyu da su sa a riƙa faɗar shekarun da baki, da Hausa, a farkon kowane kashi, a cikin fim ɗin kansa, yadda ko an tura shi a waya sanarwar za ta bi shi.

Amma kafin hukuma ta motsa, nauyin yana kanmu. Ɗalibin da ke iya kwana yana nazarin littafi don jarrabawa ba zai kasa ba da sa'a biyu ya kalli fim kafin ya miƙa wa ƙannensa ba. Idan ya ga ya dace, ya zauna tare da su, ya riƙe matsayin da kaka ta riƙe, ya amsa tambayoyinsu. Idan ya ga bai dace ba, ya faɗa musu dalili, ya nemo musu wani, domin hani ba tare da madadi ba sai ya tura yaro gidan maƙwabta. Ga 'yan'uwanmu masu nazarin Hausa da wasan kwaikwayo kuma, muna tuna musu cewa Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce har littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, aka karanta su duka a makarantu. Ashe ana iya ci gaba da labari ba tare da an bar yara a baya ba. Filin nan a buɗe yake, yana jiran masu alƙalami.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, amin.