Wanda Bai Kai Ijtihadi Ba, Ya Bi Madugu

Ranar wata Alhamis, bayan an idar da sallar La'asar, muna zaune a wani zaure cikin unguwar Agadasawa inda muka saba haɗuwa mu ɗan taɓa hira kafin Magariba, sai ga ɗan wani amininmu ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe mu, kana ya fito da wayarsa yana nuna mana taswira, yana bayyana mana cewa shi da abokansa uku sun ƙudurta, in Allah ya kawo sanyi, za su ɗauki mota su nufi Agadas, daga can su kutsa cikin yashin Tenere don buɗe ido, kuma ba su ga abin da zai sa su biya wani Buzu kuɗi ya ja musu gaba ba, tun da na'urar da ke hannunsu tana magana da tauraron ɗan'adam, tana nuna musu inda suke ko da tsakar dare ne. Akwai wani dattijo a cikinmu wanda ya yi fataucin kanwa da gishiri a ƙuruciyarsa, ya karɓi wayar ya juya ta gaba da baya kamar mai tayin goro, ya mayar masa, ya ce, "To, yaro, ita wannan abar tana gaya maka rijiyar da ta ƙafe bana?" Saurayin ya ce, "Baba, tana nuna rijiyar dai." Dattijo ya ce, "Ai rijiya ba ta tafiya ko'ina, ruwan ne yake tafiya."

Wannan 'yar muhawara ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin mas'alar da ke cikinta ta fi zauren nan faɗi, kuma ra'ayina a kanta bai ɓuya ba: shiga irin wannan daji ba tare da jagora ba jefa kai ne ga halaka, ko da mutum ya cika aljihunsa da na'urori.

Wurin da saurayin yake nufi gandun daji ne da hukumar Nijar ta keɓe a 1988, wanda ya haɗa gabashin duwatsun Azbin da yammacin yashin Tenere, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000, watau ya kusa ninka Jihar Kano sau huɗu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya a 1991, ba a yi shekara biyu ba, a 1992, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a arewacin ƙasar. A tsakiyarsa aka ware wani yanki musamman domin wata irin farar barewar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks, wadda yau ganinta ya yi wuya ƙwarai. Mu Kanawa kuwa ba baƙi ba ne ga wannan ƙasa, ko da yake yawancinmu mun manta. Sunan unguwar da muke zaune a ciki ya isa shaida. Ta Azbin Shehu Magili ya biyo kafin ya sauka wurin Sarki Muhammadu Rumfa. A Agadas Shehu Usmanu ya zauna gaban malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Ta nan kuma Bajamushen nan Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarimu, ya ratso a 1850 tare da ayarin Abzinawa, ya shigo Kano a farkon 1851, ya tarar da kantun gishirin Bilma jibge a kasuwar Kurmi. Babu ɗaya daga cikinsu, da malamin da Baturen, da ya ce zai yanki hamada shi kaɗai bisa ra'ayin kansa.

Adalci dai ya wajabta a faɗi hujjar saurayin yadda take, don ba ta rasa ƙarfi ba. Ya ce a Amurka akwai gandayen hamada da mutum zai shiga da motarsa, ya biya kuɗin ƙofa, a miƙa masa takarda mai taswira, ya yi ta yawonsa ba mai ce masa tsaya nan ko wuce can, ya zauna gindin dutse iya son ransa yana tadabburi cikin halittar Ubangiji, in kuma yana son mai bayani ya bi ma'aikacin gandu a sa'ar da aka ƙayyade. Wannan gaskiya ne, kuma ni ma na san daɗin kaɗaici a wuri mai faɗi, wanda surutun mai rakiya yakan ɓata. Amma wanda ya dubi al'amarin da idon basira zai ga cewa mai yawo a can bai rabu da jagora ba, jagoran ne aka narkar aka zuba a cikin kwalta da alluna da famfunan ruwa da motocin sintiri, har ya zama duk inda ya juya ilmin wani yake takawa, kamar ɗalibin da ya ce shi ba shi da malami alhali littafin da ke hannunsa cike yake da sharhi da hashiya. Kai, ko a can ɗin ma, a gandun da suke kira Kwarin Mutuwa a jihar Kalifoniya, inda aka taɓa auna zafi ya kai digiri 56.7 a 1913, wasu Jamusawa huɗu, biyu manya biyu yara, sun saki hanyar da aka shata a 1996 suka bi wani kwari da motar haya, ba a ga ƙasusuwan manyan ba sai a 2009. In haka ta faru inda hukuma ta shimfiɗa komai, yaya ke nan a Tenere, inda iska kan shafe sawun mota kafin a gama shan shayi?

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware makamanciyar wannan, inda suka ce wanda bai kai matsayin ijtihadi ba, taƙlidi ya wajaba a kansa, ya bi wanda ya sani, kuma ba a zama mujtahidi da mallakar littattafai, sai da doguwar lizimtar malamai har su ba da ijaza. Hamada ma fanni ce mai shaihunai da sanadi, ɗa ya karɓa daga uba, uba daga kaka, kuma ba banza ba Larabci ya kira hujja dalili, ya kira mai nuna hanya dalili. Abin da ya fi wannan duka nauyi a wurina shi ne abin da ya tabbata a Sira, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda wahayi ke sauko masa, da zai yi hijira shi da Sayyidina Abubakar sai da suka yi ijarar wani gwanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin yana kan addinin mutanensa, suka ba shi amanar raƙumansu, ya bi da su ta gefen teku. Wanda ya ji wannan kuma ya ce tawakkali ya ishe shi, ko na'ura ta ishe shi, to, ya sake duba ma'anar riƙo da sababi. Ibn Baɗuɗa ma, da ya ƙetare Sahara a 1352 zuwa ƙasar Mali, ya ba da labarin cewa jagoransu ido ɗaya gare shi, shi ɗin ma ba lafiyayye ba, amma duk ayarin babu wanda ya kai shi sanin hanya, ya kuma ambaci wani mutum da ya yi jinkiri a bayan ayari bayan wata 'yar husuma, aka neme shi aka rasa.

Me madugu ya sani wanda taswira ba ta sani ba? A dubi ayarin gishiri da har yanzu yakan tashi daga Azbin bayan damina, wajen watan Oktoba, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 600 daga Agadas. Kafin a tashi sai an yi kwanaki ana yankan ciyawa ana ɗaure ta dami-dami, domin a gaba babu abin da raƙumi zai ɗanɗana, kuma madugu ne zai ce a ajiye kaza a wuri kaza saboda dawowa. Shi ya san salka nawa za ta kai su rijiya ta gaba, ya san raƙumin da ya fara gajiya tun kafin ya durƙusa, ya san kalar sama da ke gabatar da guguwa. In an kama tafiya ba a tsayawa sai dare ya yi nisa, har shayi ma a tafe ake dafa shi, yaro yana riƙe da ɗan murhun waya yana kaɗa shi don garwashi ya kama, yana bin raƙuma ɗaya bayan ɗaya yana miƙa kofi. Da rana madugu yana duban inuwa da yadda iska ta kwantar da tudun yashi, da dare yana duban taurari. Kuma bayan wannan duka yana da wani ilmin da ba a rubuta shi ko'ina, wanda a zamanin nan ya fi na taurari tsada: wane kwari ne ba a bi bana, su wane ne suka sauka a rijiya kaza makon jiya, wa za a gaisar, da wane harshe.

A nan cikin Birni baƙo yana iya yawonsa shi kaɗai, ni ma nakan ƙarfafa masa gwiwa. Ya taso daga Gidan Makama, ya leƙa marinar Ƙofar Mata, ya kutsa Kurmi, ya ɓace a lungunan da ke bayanta inda katanga ke kusan taɓa kafaɗunsa biyu, ba abin da zai same shi, domin kafin ya yi taku ashirin zai tarar da mai faci ko mai sayar da ƙuli, ko yara su yi masa caa su raka shi har gindin Dala. Karin maganar da ta ce matambayi ba ya ɓata a gari aka yi ta, ta kuma ɗauka cewa akwai wanda za a tambaya. A Tenere an yi zamanin da itaciyar ƙaya guda ɗaya tak ce alama cikin tafiyar ɗaruruwan kilomita, har aka sa ta a taswira, kuma ayari bayan ayari suka wuce ta ba wanda ya karya reshenta ya hura wuta, sai a 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Ba na cewa duk wanda ya naɗa rawani ya ce shi jagora ne a miƙa masa wuya. Akwai mai gaggawa da zai kora ka kamar akuya daga wannan dutse zuwa wancan, akwai mai ƙaryar tarihi, akwai wanda idonsa na kan kamashon da zai samu wurin maƙeran azurfa. Akwai kuma mafi muni, kuma mu Hausawa mun ɗanɗana: a watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance a ƙasar Damagaram, a hamadar da ke arewa da Arlit, bayan motocin da suka ɗauko su zuwa Aljeriya sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Waɗannan bayin Allah suna da masu ja musu gaba, amana ce babu. Saboda haka nake ganin wajibin hukuma ne ta tantance masu wannan sana'a kamar yadda alƙali ke tantance shaidu, a san wanda dattawan garuruwan Iferwan da Timiya suka yarda da saninsa da halinsa, a ba shi takarda, a ƙayyade masa motoci nawa da ruwa nawa zai fita da su, a rubuta ranar fitarsa da ranar da ake sa ran komowarsa.

Sa'an nan akwai haƙƙin wurin da na mutanensa. Ƙasar nan cike take da kayan mutanen farko, kan kibau na dutse da duwatsun niƙa a warwatse bisa yashi, da zane a jikin duwatsu irin raƙuman dawan Dabus da ke arewa da Agadas, waɗanda babbansu ya haura mita 5, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe a Gadufawa. Baƙon da ba ido a kansa yakan sa ɗan dutse a aljihu ya ce tsaraba, in dubu suka yi haka an kwashe tarihi ke nan. Kuma tun da tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka kori masu yawon buɗe ido, da yawa daga cikin waɗanda suka san hanyoyin nan sun koma jigilar masu tafiya Libiya, ko haƙar zinariya a Jado tun daga 2014, ilmin da aka tara cikin ƙarnuka yana neman inda zai ci abinci. Kuɗin da saurayinmu yake ƙyashin biya, da shi wani dattijo zai iya riƙe ɗansa kusa da shi har ya koya masa rijiyoyi.

Ko da ma ba a yi wannan dogon bayani ba, halin tsaron yankin a yau ya sa ba a fita Agadas zuwa cikin yashi sai da sanin hukuma, sau da yawa ma sai da rakiyar soja, na kuwa gaya wa saurayin haka. Ya ɗan yi shiru yana shafa fuskar wayarsa, sa'an nan ya tambayi dattijon ko har yanzu yana da wanda ya sani a can. Dattijo ya ce akwai jikan maigidansa na da, in yana raye, a wata unguwa kusa da dogon masallacin nan na ƙasa, kuma in za su tafi su riƙa masa turmin atamfa da goro, kada su je masa hannu rabbana. Ladan ya kira Magariba, muka tashi neman buta.