Hukuncin Da Akwatin Ƙuri'a Ya Yanke Wa 'Yan Kwaminis Na Biritaniya

Sau da yawa a kan ce maganin jam'iyya mai muguwar aƙida shi ne hukuma ta soke ta. Mu dai ba mu ga haka ba. Hujjarmu kuwa ita ce tarihin Jam'iyyar Kwaminis ta Biritaniya, wadda aka kafa a 1920, ta kuma rushe kanta a 1991.

Gaskiya ne an ɗaure shugabanninta 12 a 1925, an kuma rufe jaridarta, Daily Worker, daga 1941 zuwa 1942. Amma ba a taɓa hana ta tsayawa zaɓe ba. To, me ta samu? Ba ta taɓa wuce kujera 2 a Majalisar Wakilai ba. A 1945, sa'ad da sunan Rasha ya ke da farin jini saboda yaƙin Hitila, Willie Gallacher ya riƙe kujerarsa ta West Fife, yankin masu haƙar kwal a Sikotilan, Phil Piratin kuma ya ci Mile End a gabashin Landan, watau 2 daga cikin 640. A 1950 ta tsai da mutum 100, duk suka faɗi, 97 daga cikinsu har suka yi hasarar kuɗin ajiyarsu, fam 150 kowanne, don ba su sami kashi ɗaya cikin takwas na ƙuri'un mazaɓarsu ba. Daga nan ba ta sake shiga Majalisar Wakilai ba.

Dalilin wannan faɗuwa ba a ɓoye ya ke ba. A 1939 sakatarenta, Harry Pollitt, ya goyi bayan yaƙar Hitila. Da umurni ya zo daga Mosko, wadda ta riga ta ƙulla alkawari da Jamus, sai aka sauke shi, jam'iyya ta juya baya ga yaƙin. Da Hitila ya auka wa Rasha a 1941, sai aka mai da shi, aka sake juyawa. A 1956 sojan Rasha suka murƙushe mutanen Hangari, shugabannin jam'iyya suka ba su gaskiya, dubban 'ya'yanta suka fice. A 1991 kuma tsohon mataimakin sakatarenta, Reuben Falber, ya amsa cewa ya yi shekaru yana karɓo mata kuɗi a asirce daga ofishin jakadan Rasha. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Da an soke ta, da sai 'ya'yanta su riƙa cewa talakawa duk nasu ne, tsoronsu a ke ji, ba kuwa mai iya ƙaryata su. Da ya ke an bar su a fili, an ƙidaya su, kowa ya ga iyakarsu.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da akawuna, in matasa sun tambaye ku labarin irin wannan jam'iyya, kada ku tsawata musu. Ku nuna musu lissafin ƙuri'unta, sa'an nan ku tambaye su daga ina ta ke karɓar umurni.