Faifan Gandi da lissafin madubi

Macen da ke saƙa faifai a Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah, idan ta fitar da ado mai kusurwa huɗu daidai wa daida, ta riga ta taɓa wani babban reshe na lissafi. Ana iya juya adon ta hanya huɗu, har da barinsa yadda yake, ko a kifa shi bisa layi huɗu, kamanninsa ba su sauya ba. Motsi takwas ke nan. Masana na kiran wannan rukunin madubi, domin kowane motsi a cikinsa daga kife-kife yake samuwa, kamar hoto a madubi. A 1934 da 1935 Coxeter ya tantance irin waɗannan rukunoni.

Tambaya mafi zurfi ita ce: waɗanne ƙa'idoji ne ba su nuna bambanci tsakanin kusurwoyin? A ɗauka gonaki huɗu ne a fadamar Rima, ɗaya a kowace kusurwa, ana sake raba ruwansu bisa kaso. Ƙa'idar da ba ta fifita kowa lamba uku kacal take buƙata: kason da gona za ta riƙe, wanda za ta ba kowace maƙwabciyarta, da wanda za ta ba ta ɗaya ƙetaren. In an haɗa irin waɗannan ƙa'idoji, ko an bi ɗaya da ɗaya, sakamakon ma irinsu ne. Wannan tarin shi ne aljabarar endomofizim.

Ukun nan ba banza ba ne. Bisa abin da Schur ya tabbatar a 1905, suna nuna cewa bayanin gonakin ya kasu sassa uku da ba sa ƙara rabuwa, kowace ƙa'ida kuwa ninka kowane sashe kawai take yi. A 1964 Iwahori ya bi wannan hanya ya gano aljabarar Hecke a cikin manyan rukunoni.

Wani zai ce yankin da rashin tsaro ya addaba ba ya da lokacin wannan. Amma darasin faifai ba ya cin kwabo. Abin da ke korar yara daga lissafi shi ne zaton cewa baƙo ne. Ya kamata Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su horar da malaman da za su fara da faifai kafin alli. Yaron da ya ga adalci yana da lissafi ba zai ƙara raina aikin hannun mahaifiyarsa ba.