Sunan Attajiri a Sama, Gumin Injiniya a Ƙasa

Mun ƙi yarda da sunan da ake kiran dogon benen nan na titin Park Avenue a birnin New York, wai Helmsley Building. Harry Helmsley saye kawai ya yi, bayan ginin ya kusa shekara 50 a tsaye. Kamfanin jirgin ƙasa na New York Central ne ya kammala shi a 1929 don ya zama hedikwatarsa, bisa zanen kamfanin Warren and Wetmore.

Ku dubi yadda aka tsara shi. Titi bai tsaya a ƙofarsa ba: motoci suna ratsa cikinsa ta manyan ƙofofi biyu, jirage kuma suna wucewa ta ƙarƙashinsa zuwa tashar Grand Central.

Wa ya buɗe wannan hanya? Bayan mummunan karon jirage a ramin Park Avenue a 1902, wanda hayaƙi ya jawo, injiniya William Wilgus ya kawo shawarar a koma lantarki, a rufe layukan dogo, a yi gini a samansu. Ba don shi ba, da benen bai sami wurin tsayawa ba. Amma nawa ne cikin masu ɗaukar hotonsa suka san sunan Wilgus?

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan rashin adalci: wani ya aza harsashi, wani ya kwashe yabo. New York Central ta narke cikin Penn Central a 1968, ita ma ta karye a 1970, amma har gobe jirage suna bin layukan da Wilgus ya tsara. In dai sai an sa wa benen sunan mutum, to nasa ne ya cancanta.