Lokacin Mangwaro: Igiyar Kasuwa A Ƙugu Ba Kariya Ba Ce

 Daga watan Maris zuwa Mayu, duk wanda ya bi ta Shabu, Bukan Sidi ko hanyar Doma a nan Lafiya zai ga mangwaro ya nuna, yara da samari kuma sun ɗare rassa. A daidai wannan lokaci ne masu sassabe ke rage bishiyoyin gidaje kafin iskar farkon damina. Shi ya sa na ga ya dace mu yi magana a kan hawan bishiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kimanin 684,000 duk shekara, kuma bayan haɗarin mota ita ce ta biyu a cikin haɗurran da ke jawo ajali. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 5, wato tsakiyar babban mangwaro, yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa. Kamar mai babur ne ya yi karo da katanga ba hular kwano.

Abu na farko shi ne a tambayi kai: dole ne sai an hau? A Ingila, dokar aiki a wuri mai tsayi ta 2005 da wannan ta fara: aikin da za a iya yi daga ƙasa, kada a hau masa. Doguwar gora mai ƙugiya da ɗan buhu a baki tana tsinko mangwaro ba tare da ya fashe ba. Idan yaranku suna son mangwaro, ku haɗa musu ita, ku kuma gaya musu dalilin hana su hawa. Yaron da aka hana ba bayani, bayan idonku zai hau.

Sai batun igiya. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an ɗaura shuɗiyar igiyar leda a ƙugu, an gama. Wannan igiya ta shanya da ɗaurin kaya ce. Rana tana cinye ƙarfinta har ta riƙa gari a hannu, kuma kowane ƙulli yana ƙara rage mata ƙarfi. Sannan idan mutum ya zame, fizgar da igiya ke sha ta ninka nauyinsa sau da yawa. In ta tsinke ya faɗo. In ba ta tsinke ba, sai ta shaƙe ciki da ƙirji, ta iya karya haƙarƙari, ta fasa saifa ko ta hana numfashi.

Igiyar da ƙwararrun masu sassabe ke amfani da ita an ƙera ta ne don ɗaukar mutum. Kaurinta milimita 11 zuwa 13, tana jure nauyin da ya haura tan 2, kuma ba a ƙugu tsirara ake ɗaura ta ba. Ana maƙala ta da ƙugiyar ƙarfe mai kulle a jikin ɗamarar tsaro wadda ke kama ƙugu da cinyoyi, don nauyi ya rarrabu. Idan za ku ɗauki mai sassabe a gidanku, ku lura da waɗannan:

1. Ya bi igiyarsa da hannu daga farko zuwa ƙarshe. Wadda ta yanke, ta ƙone, ta yi gashi ko ta sha man inji, a ajiye ta.

2. Ya rataya ta a kafar reshe mai rai, mai kauri, daf da gangar bishiya. Ya gwada ta da nauyinsa tun yana ƙasa.

3. Lokacin sara ya kasance a ɗaure wuri biyu, don in adda ko zarto ya taɓa igiya ɗaya, ɗayar ta riƙe shi. Igiyar sauke rassa daban, ta mutum daban.

4. Kada ya hau da adda a hannu ko a baki. Sai ya zauna daram a janyo masa ita da siririyar igiya.

5. Hular kwano mai maɗaurin haɓa, da takalmi mai kama ƙafa. Silifas da babbar riga ba kayan hawa ba ne.

6. A samu babba a ƙasa mai riƙe tsani da korar yara. Kada a hau bayan ruwa, ko da iska, ko da almuru.

Kafin hawa a ɗaga kai a duba gidan rina ko zuma, domin harbi ɗaya kan sa mutum ya saki reshe. Bishiyar da rassanta suka kusanci wayar lantarki kuwa, ku sanar da kamfanin wutar lantarki. Ɗanyen reshe da jiƙaƙƙiyar gora suna ɗaukar wuta, babbar waya kuma tana iya fizgar mutum tun bai taɓa ta ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi sana'ata. Akwai magungunan da ba sa haɗuwa da hawa. Piriton da yawancin magungunan mura da tari suna sa barci da sanyin jiki. Wasu magungunan hawan jini na kawo jiri. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa kan iya faɗuwa yana sama. Mai farfaɗiya kada ya hau ko da ya daɗe ba ta tashi ba. Masu shan tiramol don wai su ji ƙarfin aiki su sani yana dusashe hankali, yana kuma iya kawo jijjiga.

Idan tsautsayi ya auku, kada a ciccibi mutum a ɗora a babur, musamman in yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa. A riƙe kansa daidai da jikinsa, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya a kan faffaɗan katako, a sa shi a mota kwance zuwa babban asibiti. A danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsabta. Kada a ba shi ruwa ko abinci, saboda mai yiwuwa a yi masa aiki. Kada a ba shi asfirin, ibufurofen ko dikulofenak, domin suna iya ƙara zubar jini na ciki. Kada a yi gashi ko ɗori kafin a ɗauki hoton ƙashi: ɗaurin da ya matse yakan kashe hannu har a kai ga yankewa. A kuma tambayi likita batun allurar tetanus in akwai rauni.

Iyaye, ku tuna yaro yakan ɓoye faɗuwarsa don tsoron bulala. Idan ya dawo daga wasa yana amai, yana yawan barci, yana riƙe kai ko ciki, ko kuka ga jini a fitsarinsa, ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ku lallashe shi ya faɗa muku gaskiya, ku tafi asibiti a daren. Wanda ya tashi garau ma a sa masa ido na kwana biyu. Faɗa yana iya jira, jinin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ba ya jira.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.